Taƙaitawa: Me ya sa farar tunkiya ke haifar baƙin ɗa?

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar nan tamu.

1. Kusan kowa ya yarda launi gado ne, rabi daga rago, rabi daga tunkiya. Maganar cewa abin da uwa ta kalla lokacin ciki shi ke sauya launin ɗa, mutum biyu kawai suka tsaya a kai.

2. Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na masu ilimin dabbobi. A tumaki da yawa fari ne ke rinjaye, baƙi kuma yakan ɓuya a jini. Idan farin rago da farar tunkiya duk suna ɗauke da ɓoyayyen baƙi, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai fito baƙi, daidai da lissafin da masanin ilimin gado Gregor Mendel ya wallafa a 1866. Don haka kada a yi saurin zargin ragon maƙwabci. Wani ya ƙara da cewa ko a aladun Turai fari ne ke danne sauran launuka, sai dai ta wata ƙwayar gado daban.

3. Masu kiwon tumakin Uda sun ce sai an kiyaye barbara, in ba haka ba launinsu na rabi baƙi rabi fari yakan rikice.

4. Inda aka rabu: kuɗi. Masu zuwa kasuwannin dabbobi na Maigatari da Wudil sun ce farin ragon Balami ya fi tsada gab da Babbar Sallah. Wasu suka ce ƙiba da lafiya mai saye ke dubawa, launi daga baya.