Baba yana gani, amma ba ya iya duban ƙasa: neman shawara kan cutar PSP

Ɗiyar Malam, Tawa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan lalura, ko ta hanyar aiki ko ta hanyar jinya. Mahaifinmu tsohon malamin makaranta ne mai shekara 68, kuma abin ya faro masa ne da faɗuwa: yakan tashi daga zaune, ko ya juyo zai amsa sallama, sai kawai ya tafi ta baya ya bugu da ƙeya, ba tare da jiri ko suma ba. Daga nan ya bar karatu, ya ce layuka suna ɓace masa. An sake masa tabarau, babu abin da ya sauya, likitan ido kuma ya ce babu yana, babu hawan jinin ido. An ɗora shi a kan maganin cutar Parkinson bai yi wani tasiri ba, sai da muka kai shi Yamai likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya gwada shi, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa da na'urar IRM (wato MRI), sannan aka ce mana PSP ce (progressive supranuclear palsy), wata cutar ƙwaƙwalwa mai ƙaruwa sannu a hankali da ke taɓa motsin ido da na jiki.

Yanzu idan an ajiye masa kwano a kan tabarma sai ya yi ta lalube, miya tana zuba a gaban riga, shi da a da ko ɗigon tawada ba ya yarda a gani a tufarsa. Idanun kullum a ware suke, jajur, suna hawaye, wani lokaci kuma su rufe ya kasa buɗewa sai ya ɗaga fatar da yatsa. Inna kuwa abin da ke cin ranta shi ne ba ya duban fuskarta idan tana yi masa magana, har wasu dangi sun fara raɗe-raɗin sammu. Idan idon lafiyarsa lau, me ya hana shi gani? Kuma me za mu iya yi a gida?

Ma'aikacin jinya, Yamai:

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa, Allah ya ba Baba sauƙi. Likitan ido bai yi kuskure ba, domin ƙwayar idon tana gani. Abin da ya samu matsala shi ne wurin da ke ba ido umarnin juyawa, wanda yake can cikin tushen ƙwaƙwalwa. A wannan cuta wani sinadari mai suna tau yana taruwa a cikin ƙwayoyin wannan wuri yana kashe su sannu a hankali, kuma umarnin duban sama da ƙasa ne yake fara lalacewa kafin na dama da hagu. Wasu likitoci uku, Steele da Richardson da Olszewski, su ne suka bayyana ta a Toronto ta ƙasar Kanada a 1964. Ba ta cika kama wanda bai kai shekara 40 ba, galibi sai an haura 60, ba a ɗaukarta daga wani, kuma da wuya ƙwarai a gaje ta. Tana kama da Parkinson wajen sandarewar jiki da nauyin motsi, shi ya sa ake yawan rikita su da farko, sai dai mai PSP ba ya cika karkarwa, wuyansa yakan ƙage ya karkata baya, yana faɗuwa tun a farkon ciwo, kuma maganin Parkinson mai suna levodopa ba ya yi masa aiki sosai, ko ya yi na ɗan lokaci ya daina.

Da wannan za ki gane sauran. Layuka suna ɓace masa ne saboda idon ba ya iya tsallakawa da sauri daga ƙarshen layi zuwa farkon na ƙasa, kuma idanun biyu ba sa haɗuwa daidai a kan abin da ke kusa, har abu ɗaya ya zama biyu. Batun Inna kuma, don Allah ki zaunar da ita ki yi mata bayani, domin na ga gidajen da wannan ya ɓata zaman shekara da shekaru: ba fushi yake yi ba, ba kuma raini ba ne, idon ne ba ya bin fuska, fuskar kuma ta daskare ba ta nuna abin da ke zuciya. Ta riƙa zama a gabansa sosai, fuskarta daidai da tasa, kuma ta ba shi lokaci kafin ya amsa, tunda yana fahimta, amsar ce take jinkirin fitowa. Har yanzu babu maganin da ke tsayar da cutar, saboda haka ku yi hattara da duk wanda ya yi muku alkawarin warkewa a kan kuɗi.

Mai jinyar yayansa, Yamai:

Hajiya, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, yayana na yi jinya. Abin da ya fi yi mana amfani shi ne daina ajiye komai a ƙasa. Mun sa kafinta ya yi tebur mai tsayi wanda kwano yake kaiwa kusan ƙirjinsa, muna kuma juya masa kwanon idan ya cinye gefen da yake gani, saboda gefen da ke kusa da jikinsa ba ya sanin da abinci a ciki. Alƙur'ani ma a kan abin ɗorawa mai tsayi muke sa masa, da babban rubutu, daga baya ya koma saurare a waya. Tsakar gida kuwa sai da muka kwashe buta, takalma, kujerar tsuguno da gefen tabarma daga hanyarsa, aka rage dokin ƙofa, aka sa kujera da ƙarfen riƙewa a ban-ɗaki. Sallah a zaune yake yi, kuma malaminmu ne da kansa ya lallashe shi, don ya ƙi jin tamu.

Abin da nake so ki shirya masa shi ne gaggawa. Mai wannan ciwo yakan miƙe zumbur ba tare da tunanin zai faɗi ba, ko an gargaɗe shi yanzu-yanzu, kuma faɗa ba ya hana shi, domin cutar ce. Mai rakiya ya tsaya ta bayansa, ɗan gefe kaɗan. Ku kuma raba kwana tsakaninku tun yanzu, maza da mata. Idan aka bar wa Inna ita kaɗai, marasa lafiya biyu za ku samu.

Ma'aikaciyar asibitin ido, Tawa:

Zan ƙara a kan jan ido da hawaye. Mai lafiya yana ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti guda, mai PSP kuwa yakan sauka ƙasa da haka nesa, sai saman idon ya bushe, ya yi zafi, hawayen da kike gani kuma na bushewar ne. Ga hunturu da ƙurarmu ta Adar, abin sai ya ninka. Ana amfani da maganin ɗigawa na hawayen roba sau da yawa a yini, da mai kauri lokacin kwanciya, a kawar da fanka daga saitin fuskarsa, a sa masa baƙin tabarau idan zai fita, tunda haske yana damunsu. Kada ku sayi maganin jan ido a kasuwa ko a teburin bakin hanya, domin da yawa suna ɗauke da kortizon, wanda yawan amfani da shi yake jawo hawan jinin ido da yana. Tozali da ruwan tsirrai ma a dakata da su.

Idan tabarau ɗinsa mai hawa biyu ne, wato na nesa a sama na karatu a ƙasa, ba zai amfane shi ba, tunda ba ya iya saukar da ido zuwa ɓangaren ƙasan. Gara a yi masa guda biyu daban. Ganin abu biyu yakan lafa idan aka rufe gilashi ɗaya lokacin karatu. Rufewar fatar ido kuwa akwai allurar botulinum mai sassauta tsoka da ake yi a kewayen ido kusan duk wata uku, tana taimakon wasu, amma likitansa na Yamai ne zai ce ko ta dace da shi da kuma inda za a same ta.

Ɗiyar Malam, Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Inna, ta yi shiru, sannan ta ce a kira kafinta. Akwai wani abu kuma: kwanan nan yana ƙwarewa idan ya sha ruwa. Shi ma daga ciwon ne?

Ma'aikacin jinya, Yamai:

Daga ciwon ne, kuma ya fi batun ido haɗari, domin abin da ya bi ta hanyar iska yana sauka a huhu ya haifar da ciwon huhu, wanda shi ne ya fi zama sanadin mutuwar masu PSP. Ruwa tsinkakke ya fi wuyar haɗiya, don haka fura ko kunu mai ɗan kauri sun fi sauƙi, loma ƙanana, yana zaune a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuya, kada a bari kansa ya koma baya, kada kuma a sa shi magana yana ci. Bayan ya gama ya zauna kamar rabin awa kafin ya kishingiɗa, a kuma wanke masa baki. Ki sanar da likitansa wannan ba tare da jiran ranar komawa ba, kuma idan kuka ga zazzaɓi da tari ko numfashi sama-sama, ku kai shi asibiti a ranar.