Ta ina ake farawa kafin a zama kocin ƙwallon kwando a jami'o'in Amurka?

Sagir_KD: Salamu alaikum jama'a. Masu horas da ƙungiyoyin jami'a a gasar NCAA (hukumar wasannin jami'o'in Amurka), irin su Mike Krzyzewski na Duke, wace hanya suke bi har su kai wannan kujera? Sai wanda ya buga NBA ake ɗauka, ko akwai takardar shaida ta musamman?

Malam Habu: Wa'alaikumus salam. Ba sai ka buga NBA ba, mafi yawansu ma ba su taka ta ba. Digiri na farko dai kusan dole ne. Matakin ƙasa shi ne ɗalibin digiri na biyu da ke taimaka wa ƙungiya: jami'a ta biya masa kuɗin karatu, shi kuma ya riƙa tsinto ƙwallo a atisaye yana yanka bidiyo har tsakar dare. Daga nan ya zama mai kula da bidiyo, ya tattaro yadda abokan karawa ke kai hari da tsaron gida. Sai mai kula da tafiye-tafiye da jadawali, sannan mataimakin koci. Shi Krzyzewski ya buga wa makarantar soja ta West Point a ƙarƙashin Bob Knight, ya yi masa mataimaki shekara ɗaya a Indiana, ya riƙe West Point daga 1975 zuwa 1980, sannan Duke ta kira shi. Ka lura da sunan Knight a wurin. A wannan sana'a wanda ya tsaya maka ya fi takardarka nauyi.

Hajiya Turai: Malam Habu ya faɗi gaskiya, amma samun kujerar ba shi ne wahalar ba, zama a kanta ne. Kaka uku na farko da Krzyzewski ya yi a Duke, wasa 38 ya ci, aka doke shi 47. Magoya baya suka taso a kore shi, daraktan wasanni Tom Butters ya toshe kunnensa. A 1986 sai ga shi a wasan ƙarshe, kofin farko ya zo a 1991. Ya yi ritaya a 2022 da kofi 5 da nasara 1,202. A yau da wuya a yi wa koci irin wannan haƙuri. Shi ya sa kafin sa hannu a kwantiragi, abin dubawa na farko shi ne nawa za a biya ka idan aka sallame ka wa'adi bai cika ba, da kuma ko wanda ya ɗauke ka zai daɗe a ofis. In sabon darakta ya zo, nasa mutumin yake so.

Ɗanlami23: Ɗan'uwa Sagir, kada ka ɗauka aikin tsayawa ne a gefen fili ana ɗaga murya. A lokacin kaka dokar NCAA ta taƙaita atisaye da wasa ga awa 20 a mako, kada ya wuce awa 4 a rana, kuma dole a ba yara hutun kwana ɗaya. Ragowar lokacin koci zawarcin 'yan wasa ne ke cinye shi, kuma a nan ake tuntuɓe. A 2017 hukumar FBI ta kama mataimakan koci huɗu kan badaƙalar kuɗi, guguwar kuma ta yi awon gaba da babban koci Rick Pitino a jami'ar Louisville. Ga kuma karatu: idan makin ci gaban karatun 'yan wasa ya gaza 930, ana iya hana ƙungiya shiga babbar gasar cin kofin ƙasa ta watan Maris, kamar yadda aka yi wa jami'ar Connecticut (UConn) a 2013.

Tun 2021 kuma ɗan wasa na iya karɓar kuɗin talla da sunansa, yana iya sauya jami'a ba tare da zaman jiran shekara ba. Ka raini yaro shekara biyu, wata jami'a mai kuɗi ta ɗauke shi. Tony Bennett, da ya ci kofi da Virginia a 2019, ya ajiye aiki a Oktoban 2024 ana dab da fara kaka, yana cewa ba shi ne ya dace da wannan sabon yanayi ba.

Sagir_KD: Na gode ƙwarai. To Hajiya, ɓangaren mata fa, hanyar ɗaya ce?

Hajiya Turai: Yanzu kam ɗaya ce. A da ne ba haka ba: Pat Summitt tana da shekara 22 aka damƙa mata Tennessee a 1974, har motar ƙungiya ita ke tuƙawa, ita ke wanke rigunan wasa. Kofi 8 ta ci kafin ta sauka a 2012.