"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi": har da mai aike?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Jiya wajen rabon gado kawunmu ya jefa wa yayana wannan magana a gaban kowa. Shekara 19 Yaya yana Agege, can ya yi aure, can ya hayayyafa, amma bai taɓa fashin aiko da kayan azumi ba. Ya tashi ya fita bai ce uffan ba. Abin na cina. Daidai ne?

Malamin Tsangaya: Wa alaikumus salam. Ba a kawo ta a gado, nisa ba ya soke rabon da Allah ya yanka. Gargaɗi ce ga matafiyi kada ya yanke zumunci, shi ya sa aka ce zumunta a ƙafa take.

Bagobira: A ƙafa fa, Malam. Kuɗi ba sa zaman makoki.

Jikar Hajiya: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah ya jiƙanta. A Zangon Kumasi aka haife ta, babanta Bakano ne mai fataucin goro. A 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Gana. Ta iso Kano a bayan babbar mota da 'ya'ya uku da tukunya ɗaya. Dangin babanta sun ba ta ɗaki, amma da ta buɗe baki sai dariya, don Hausar can ba ruwanta da mace da namiji, sai ta ce "matar ya zo". A Kumasi 'yar Najeriya, a Kano 'yar Gana. Ta fi shekara ba ta shiga gidan kowa.

Wata rana naƙuda ta kama maƙwabciyarta da tsakar dare, ungozoma ta yi tafiya. Kakata ta karɓi haihuwar, ta yanke cibi, ta riƙa dafa ruwan wankan jego da kunun kanwa har aka yi arba'in. Daga nan matan layin suka sa ta a adashi, ba suna ba biki sai da ita. Ranar da ta rasu su suka yi mata wanka, suna kuka kamar uwarsu. Amma har ƙarshe in ta ce "gida", Kumasi take nufi. To ku gaya mini, wane gidan ne ya bar ta?

Bagobira: Allah sarki. Allah ya kai haske kabarinta.

Na Bakin Tasha: Amin. Mu dai wani wakilinmu tun da ya tare a Abuja ba mu sake ganinsa ba, sai an buga gangar zaɓe ya ɓullo da taliya da atamfa.

Ɗan Maraɗi: Ai shi gida bai bar shi ba, tun da har yanzu kuna bin motarsa da gudu.

Malamin Tsangaya: A dawo kan magana, don Allah. Ni a ganina gida mutane ne, ba gini ba.

Bagobira: To ai mutanen ne suka bar yayan nasa, Malam.

Ɗan Fagge: Na kira Yaya yanzu. Yana cikin mota, sun wuce Zariya. Ya ce in gaishe da Inna, bai ambaci kawu ba.

Ɗan Maraɗi: Jikar Hajiya, tukunyar nan tana nan?

Jikar Hajiya: Tana ɗakin mamata. Ba a girki da ita.