Na tuba a gaban jama'a, amma kuɗin maigidana suna hannuna har yau: ina matsayin cetona?

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ku yi haƙuri zan ɓoye sunana, kun san Jos, kowa ya san kowa.

Shekara shida na yi ina yaron shago a wurin wani bawan Allah mai sayar da siminti da kwanon rufi a hanyar Bukuru. Ya ɗauke ni ina ɗan shekara 19, a gidansa nake cin tuwo, ni ke riƙe da littafin ciniki. Da buhu ɗaya abin ya fara. Na rubuta cewa ya fashe, na sayar da shi a gefe. Daga nan hannu ya saba. Da na zauna na yi lissafi daga baya, abin da na kwasa ya kai naira dubu 420, kuma da shi na cika kuɗin keken da nake haya da shi yau. Bai taɓa ganewa ba. Ranar da ya sallame ni har hannu ya ɗora a kaina ya yi mini addu'a.

Bara a taron farkaswa na fita gaba, na durƙusa, na yi kuka kamar raina zai fita. Tun ranar ban sake taɓa na wani ba. Ina ta cewa zan je in same shi, sai ga labarin rasuwarsa. Shagon ya rufe, matarsa tana nan da yara huɗu. Ranar Talata na ɗauko ta daga kasuwar Terminus da ɗan buhun garinta, ta miƙo kuɗin mota na ƙi karɓa, sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka ɗana, cikin yaran Baba kai kaɗai ka riƙe amana." Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini, Jibin Ubangiji ma na kasa ci.

Don Allah ku faɗa mini gaskiya. Mece ce tuba? Kukan da na yi ya isa? In na mutu yau ban biya ba, na hallaka ke nan? In kuwa ceto kyauta ne kamar yadda ake mana wa'azi, me ya sa wannan nauyi bai sauka ba?

Wani matashi daga Tudun Wada:
Ɗan'uwa, ba zan shafa maka mai a baki ba. Wannan tuban muzuru ne, kaza a baki. Kana cewa ka tuba, kana hawa abin satar kullum da safe. Zakka, mai karɓar harajin nan na Littafi Mai Tsarki, ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Ka sayar da keken nan ka kai wa marayu haƙƙinsu, sa'an nan ka zo mu yi maganar ceto.

Wata mama 'yar zumuntar mata, Anguwan Rukuba:
Haba ɗana na Tudun Wada, sassauta. Muzuru ba ya rasa barci a kan kaza. Wanda ya zo ya tona kansa ba a kama shi ba, Ruhu Mai Tsarki ne yake aiki a cikinsa. Kai kuma mai tambaya, ni ma mijina ya rasu shekara tara ke nan. Na san yadda ake kwana ana juyi in lokacin biyan kuɗin makaranta ya zo. Kuɗin nan da kake riƙe da su, watakila su take roƙon Allah a kai da dare.

Wani tsohon fasto mai ritaya, Bukuru:
Ɗana, ka haɗa tambaya biyu wuri ɗaya, shi ya sa kanka ya ɗaure. Bari mu raba su.

Lokacin da muke ɗalibai a TCNN, kwalejin tauhidi da ke Bukuru, abu na farko da aka fara warware mana shi ne kalmar kanta. A Helenancin Sabon Alkawari ana ce mata metanoya, wato sākewar tunani. A Ibraniyanci kuma annabawa suna amfani da kalmar da ke nufin juyowa, kamar mai tafiya Bauchi ya gane ya ɓata hanya ya juya ya fuskanci Jos. Kuka yana iya zuwa da ita, amma kuka ba shi ne ita ba. Wa'azin Yesu na farko a Markus 1:15 ya haɗa abu biyu, a tuba kuma a gaskata bishara. Juyi ɗaya ne: ka ba zunubi baya, ka fuskanci Almasihu.

Yanzu ka lura da wani abu da mutane ba sa so su duba. Yahuza Iskariyoti ya mayar da kuɗi. Matiyu sura 27 ta ce ya yi nadama, ya kai azurfa talatin ɗin, har ya furta da bakinsa cewa ya ba da marar laifi. Duk da haka ya je ya rataye kansa, domin nadamarsa ba ta kai shi wurin Yesu ba. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, shi ma ya yi kuka mai zafi, amma ya koma. Wannan ne bambancin da Bulus ya nuna a 2 Korantiyawa 7:10, tsakanin baƙin cikin da ke kai mutum ga tuba da ceto, da na duniya mai kai shi ga mutuwa. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu kuwa ko kwabo bai mayar ba, hannuwansa a kafe suke, amma an yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Saboda haka naira dubu 420 ba za ta saya maka ceto ba, ko ka ninka ta goma. Afisawa 2:8-9 ta rufe wannan ƙofar: ta wurin alheri ne, ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba.

Amma kai hannuwanka ba a kafe suke ba, kuma ka san ƙofar gidan matar nan. Shi Zakkan da aka ambata, duba yadda abin ya jeru a Luka 19. Yesu ne ya fara kiransa daga kan itace a Yariko ya ce zai sauka a gidansa, tun bai yi alkawarin komai ba. Bayan ya karɓi baƙon ne hannunsa ya buɗe. Yahaya Maibaftisma ya kira wannan 'ya'yan da suka dace da tuba. Nauyin da kake ji ba hukuncin hallaka ba ne, kira ne. Kada ka ƙaurace wa majami'a saboda shi.

Wata 'yar'uwa daga Katolika, Jenta:
A wurinmu mutum yakan je ya furta zunubinsa a gaban Fada, wato limamin cocinmu, a yi masa gafara. Amma in sata ce, ana koya mana cewa wajibi ne a mayar da abin gwargwadon iko, gafarar ba ta shafe bashin ba. Shawarata kada ka sayar da keken, da shi za ka biya. Ka yanke abin da za ka iya kowane mako, ko dubu biyar ne, ka riƙa rubutawa.

Matashin Tudun Wada ya dawo:
Baba Fasto, na ji, kuma na karɓi gyaran Mama. Tsorona ɗaya ne. In aka ce ceto bai rataya ga biya ba, wasu za su miƙe ƙafa su ce alheri ya rufe.

Tsohon faston:
Tsoronka yana kan hanya, ɗana. Tun zamanin Bulus aka yi wannan tambayar, ya amsa a farkon Romawa 6 cewa sam, wanda ya mutu ga zunubi ba zai ci gaba da zama a cikinsa ba. Mai iko ya biya, ya ƙi, ya kuma kwanta ya yi barci lafiya, wannan ni ma zan tuhumi tubarsa. Yaron nan ba ya barci.

Mai tambaya:
Na gode iyayena, na karanta ina hawaye. Saura abu ɗaya. In na riƙa kai mata kuɗin a matsayin taimako, ban faɗi daga inda suka fito ba fa? Ina jin kunyar idonta.

Mamar Anguwan Rukuba:
A'a ɗana. In ka yi haka za ta riƙa yi maka godiya a kan kuɗinta, tana yabonka a zumunta, ka ɗora sabuwar ƙarya a kan tsohuwa. Ka samu fastonka ko dattijo ɗaya mai riƙe sirri, ku je tare da yamma, ba a gaban yaran ba. Ka tafi da ɗan abin da kake da shi a hannu da takardar lissafin. Za ta iya yin kuka, za ta iya korarka ranar farko, kada ka nemi ta yafe nan take. Ka durƙusa ka faɗa mata tun daga buhun farko.