RTX 4080 Super ko RX 7900 XTX, wanne zan ɗauka?

Ɗan_Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Katunan hoto na kwamfuta biyu na samu, RTX 4080 Super ta kamfanin Nvidia da RX 7900 XTX ta kamfanin AMD, dole in zaɓi ɗaya. Allona 1440p ne, fawa saflai wat 750, akwatin kuma ba ya cin katin da ya wuce santimita 31. Me kuka gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam. XTX tana da ƙwaƙwalwa 24GB, ɗayar 16GB. A wasa zalla kusan kunnen doki suke yi. Amma da ka kunna bin sawun haske (fasahar da ke sa haske da inuwa su fito kamar na gaske) a wasan Cyberpunk 2077, Nvidia ta wuce ta nesa, kuma a fasahar ƙara girman hoto, DLSS na Nvidia ya fi FSR 3 na AMD tsabtar hoto. Wajen wuta, 4080 Super wat 320, XTX wat 355. Da saflai ɗinka, 4080 Super ta fi kwanciyar hankali.

Sarkin_FIFA: Maigida, sayi babbar yayarsu, RTX 5090, ka huta.

Injiniya: Wat 575 a kan saflai mai 750? Sai dai a haɗa da motar kashe gobara.

Baban_Waya: Duk kun tsallake bakin jona wutar nan mai fil 16 da ke jikin 4080 Super, shi ne abin takaici. Tun 2022 aka yi ta ganin yana narkewa a kan katin RTX 4090. Idan bai shige duka ba, wutar sai ta taru a 'yan filoli kaɗan, robar ta ƙone. Ka tura shi har ka ji ƙas, kada ka bar rata, kada ka lanƙwasa wayar ƙasa da milimita 35 daga bakin. A ƙaramin akwati murfin gefe ne ke danne ta. XTX kuwa tsohon baki mai fil 8 take amfani da shi.

Kwamanda: Baba, ita ma XTX ba waliyyiya ba ce. Wasu daga samfurin AMD na farko suna kaiwa digiri 110, kamfanin da kansa ya amsa matsalar mai sanyayawa ce a farkon 2023.

Baban_Waya: Zafi rage gudu yake sa kati. Narkewa fa?

Sarkin_FIFA: Ai Nvidia ta fi tsada, dala 1,199.

Injiniya: Wancan 4080 ce ta 2022. Super a dala 999 ta fito, daidai da XTX.

Kwamanda: Farashin Amurka ke nan, kafin kuɗin jirgi da kwastan. Kuma wanda bai taɓa haɗa kwamfuta da hannunsa ba ya rage mana surutu.

Sarkin_FIFA: Wanda ya haɗa ai da shagonsa yake talla.

Mai_Sola: Ku bar rigima, wutar gidan fa? UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta) mai 1000VA galibi wat 600 ne kawai. Kati da firosesa da allo suna iya kaiwa nan, ana ɗauke wuta komai ya mutu. A nemi 1500VA mai tsabtatacciyar wuta. Ƙaramin janareto kuwa kada a kuskura a jona kai tsaye.

Ɗan_Fagge: Na gode, amma maganar tsawon fa? Wacce za ta shiga akwatina?

Kwamanda: Mai_Sola, mu nan layinmu wutar ma rabi take zuwa. Sitabilaiza mai 2000VA za ta ɗauka, ko sai inbata?