Ranar da na fara ɗora harafi a kan fenti

Mai Alƙalamin Gora:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata takwas ke nan ina koyon rubutun zayyana na Larabci, salon nasakhi, kuma a kan farar takarda hannuna ya fara zama. Shekaranjiya na shafe takarda da shuɗin fentin ruwa, na manna guntayen ƙyalle a gefe, na ɗauko alƙalami zan rubuta kalma ɗaya tak a tsakiya. Ina ɗora bakin alƙalamin, tawada ta yi naso, gefen harafin ya fito da gashi-gashi kamar saiwar ciyawa. Aikin kwana biyu ya lalace ina ji ina gani, raina ya ɓaci ƙwarai. Don Allah wanda ya taɓa haɗa rubutu da fenti ko manne-manne ya ba mu labarin yadda ya kwashe da shi.

Uwar Launi:
Wa alaikumus salam ƙanena, sannu. Abin da ya same ni ke nan a karon farko, har sai da na yi hawaye, domin kyauta na yi niyyar bayarwa. Takardar ta bushe a ido amma cikinta da sauran danshi. Yanzu bayan hannuna nake ɗorawa a kai: in na ji sanyi-sanyi, ba ta shirya ba, sai in bar ta ta kwana. Sannan ruwa mai yawa da gugar burushi suna raunana sinadarin da ake sa wa takarda don kada ta zuƙe tawada, shi ya sa ko ta bushe wani lokacin sai ta yi naso. Garin sandarak, wani busasshen ƙaron itace, nake ƙullewa a ɗan tsumma, in bubbuga a wurin, in kaɗe ragowar, sai gefen harafi ya fito tsaf. Takarda kuwa mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita nake saya, ba ta kumbura ta lanƙwashe. Abin da ya fi ceto na shi ne ɗan yanki na gwaji. Duk abin da na shafa wa babban aiki sai na shafa masa, a kansa nake fara gwada alƙalami.

Ɗan Boko Mai Zayyana:
Ni akasin naku na gani. Haruffan boko nake yi, salon da Edward Johnston ya koyar a Ingila, wanda ake riƙe bakin alƙalami a karkace kimanin digiri 30. Na shafa fentin akirilik a kwali, ya bushe yana sheƙi. Tawada ta ƙi zama sam, sai ta dunƙule ɗigo-ɗigo kamar ruwa a kan leda, domin akirilik in ya bushe roba ce. Sai da na goge shi sama-sama da samfefa mai laushi, na shafa jeso (shafen share fage kafin fenti) marar launi, na bar tawada na koma fentin guwash (fentin ruwa mai kauri) da na tsinka da ruwa, ina ɗura shi a bakin alƙalami da burushi. Kuma ku kula da tawadar akirilik. Na bar ta minti kaɗan a bakin ƙarfe ta daskare, na yi ta wanki bai dawo daidai ba.

Dattijon Tawada:
Yaro, shawarar da suka ba ka mai kyau ce, ka riƙe. Ni wani abu ne ya fi damuna, kuma a kaina na gan shi. Lokacin da na fara sa launi da ruwan zinare a bayan rubutuna, kowa yabo yake yi, ni ma na ɗauka na iso. Na kai wa malamina. Bai ce komai a kan launin ba. Ya ɗauki jar tawada ya jera ɗigo a gefen alifina, ɗaya bisa ɗaya, sai ga shi ya gaza da ɗigo guda, cikin nun kuma ya buɗe fiye da kima. Wannan awon ba sabo ba ne. Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a shekarar 940, shi ake jingina wa tsarin auna kowane harafi da ɗigon bakin alƙalami da tsawon alif da da'ira. Launi yana rufe wa mai kallo ido, amma karkataccen harafi yana nan a karkace. Na ajiye fenti shekara guda cur na koma baƙi da fari, kuma ban yi nadama ba. Wata takwas a ganina ya yi wuri.

Uwar Launi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ina da ja. Da na jira sai harafina ya cika awo, da tuni na ajiye alƙalami, launin ne ya riƙe ni a kan teburin. Mai zane Ibrahim El-Salahi na Sudan har kakkarya haruffa ya riƙa yi yana fitar da siffofi daga cikinsu. Ni safiya ta atisayen awo ce, yamma ta wasa da launi. Takardun atisayen ma ba na zubarwa, ina yayyaga waɗanda babu aya ko sunan Allah a ciki in manna su a matsayin shimfiɗa. Sai dai a bayan takardar kaɗai nake shafa gam, domin tawadar da aka haɗa da ƙaro tana narkewa da zarar ta ji lema.

Dattijon Tawada:
In dai safiyar ba ta faɗi, 'yata, na yarda.

Mai Alƙalamin Gora:
Na gode Yaya, na gode Baba. Na yanki takarda uku na shafa musu shuɗin nan. Ta farko na rubuta bayan awa ɗaya, ta yi naso kamar da. Ta biyu ta kwana, nason ya ragu. Ta ukun ta kwana kuma na bubbuga mata sandarak, harafin ya tsaya da kaifinsa, har siririn wutsiyar ra ta fito. Na kuma jera ɗigo a gefen alif ɗin kamar yadda Baba ya faɗa, na tarar ya ɗan jingina dama. Gobe da safe shi zan zauna a kai.