Motar hannu mai sauƙin riƙo a Kano: kowa ya faɗi wadda ya hau

Malamin Sakandare, Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka riƙe mota da kuɗin aljihunsu, ba labarin majalisa ba. A Rijiyar Zaki nake zaune, makarantar da nake koyarwa tana Hotoro, ga yara da ake kaiwa boko da Islamiyya. Kuɗin Adaidaita Sahu ya fara cinye albashin. Abin da na tara miliyan 4 ne da 'yan kai. Ba ta nuna isa nake so ba, wadda za ta tashi da safe kawai, kuma in ta yi ciwo a samu maganinta a kusa.

Abban Sadiƙ, Kurna

Wa alaikumus salam Malam. Corolla nake hawa, ƙirar 2003 zuwa 2008, kuma tun da na saye ta ba a taɓa buɗe injinta ba. Juyen baƙin mai, takalmin birki, filogi, shi ke nan. Injinta 1.8 ne, sarƙa ke juya shi ba bel ba, don haka babu fargabar bel ya tsinke maka a tsakiyar titi. Kayanta kuwa ko yaro ka aika Ƙofar Ruwa zai dawo da su.

Matsalar ɗaya ce: kowa ya san haka. Rabin kuɗin da za ka biya na suna ne. Da kuɗin da ka ambata mai tsafta za ta yi wuyar samu, sai dai wadda ta zaga hannu uku ko huɗu. Ɓarayi ma suna son ta, saboda a dare ɗaya an fafe ta an sayar.

Maman Ilham, Tarauni

Malam ka duba Vibe. Ni ita nake kai yara da ita, in wuce Kantin Kwari in ɗauko kaya. In na kwantar da kujerun baya dilar atamfa tana shiga ba gardama. Sunan Pontiac ne a jikinta amma inji da giya irin na Corolla ne, tagwaye suke da Matrix, don haka bakaniken Toyota ba ya ɓata lokaci a kanta. Inda za ka ji a jikinka shi ne kayan bodi. An daina ƙera ta tun 2009, ranar da wani mai Adaidaita ya fasa min fitilar baya sai da muka yi ta yawo kafin a samu ta Beljiyam mai kyau. Sannan ka tambaya ko mai jan ƙafa huɗu ce. Waccan ta fi shan mai, kuma a kwaltar Kano ba abin da za ta ƙara maka.

Bakanike, Ƙofar Ruwa

Abin da Alhaji da Hajiya suka faɗa haka yake. Amma ni da nake kwana ƙarƙashin mota, na ga Corolla da ba ta kai kuɗin tayoyinta ba, na kuma ga tsohuwar Golf 3 da ke zuwa Ɗambatta ta dawo kullum ba ta ce uffan ba. Wadda ke gabanka za ka duba, ba sunan da ke bayanta ba.

Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita sai ka iso. Ka fara ɗora hannu a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga an ɗumama ta don kada ka ji yadda take tashi a sanyi, ka ce gobe ka dawo. Buɗe murfin baƙin mai ka juyo shi. In ka ga wani fari-fari kamar kunun gyaɗa ya manne a ciki, ruwa yana haɗuwa da mai, gasket ɗin da ke tare tsakaninsu ya tafi ko yana hanya. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka zuba wa allon gaba ido. Dole fitilar inji ta kama, in mota ta tashi ta mutu. In tun farko ba ta kama ba, an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta da baƙin salatif. Wannan aikin ana yin sa sosai. Ka sa a jona mata kwamfuta.

A taka mata wuta kai kana tsaye a baya. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai take ƙonawa. Ka durƙusa ka leƙa salansa ta ƙasa, wurin tukunyar nan mai tace hayaƙi da muke kira indomi. Sabuwar walda a gefenta alama ce an farka an kwashe abin ciki an sayar, saboda yana da tsada. Motar za ta yi tafiya, amma wari da shan mai za su dame ka.

Ka ɗaga kafet ɗin ƙasa, ka zura yatsa ƙarƙashin kujera. Busasshen taɓo ko tsatsa a ƙarfen da kujera ke gudu a kai, ruwa ya taɓa cinye motar, ko ambaliyar Amurka ko tamu ta damina. Irin wannan wayarinta ba ya ƙarewa, yau gilas ya ƙi sauka, gobe ta mutu a danja.

Gwaji kuma kada ka yarda a kai ka titin da babu kowa. Ka kunna esi, ka shiga cunkoson Ƙofar Mata ko na bakin kasuwar Sabon Gari da rana tsaka, idonka a kan allurar zafi. A nan mai tafasa take tona kanta. In ka ga fanka na juyawa tun daga murɗa makulli, an haɗa ta kai tsaye ne, mai yiwuwa an cire tamostat mai daidaita zafin inji, kuma yawanci wani zafi ake ɓoyewa.

Bakaniken da dillali ya kawo maka, dillali yake wa aiki. Ka zo da naka.

Baba Mai Ritaya, Gwale

Yarana, ban ji wanda ya ambaci Fijo ba. Mu da muka yi aikin gwamnati lokacin da ake haɗa 504 a Kaduna mun san ƙarfe. Yanzu 406 nake hawa, mai giyar hannu, kuma in na hau hanyar Zariya ko ta Katsina babu motar da ke zaune a titi kamarta. Ta fi Corolla arha nesa ba kusa ba. Sharaɗinta uku: a canja bel a kan lokaci, a zuba mata ruwan lagireto na gaskiya ba na rijiya ba, kuma kada kowane mai wayarin ya sa mata hannu. Masu cewa tana da rigima, akasari wurin wanda bai san ta ba suka kai ta.

Abban Sadiƙ, Kurna

Allah ya ƙara girma Baba. Amma Malam makaranta zai riƙa sammako, ba shi da lokacin zaman gareji yana jiran gwani ɗaya tilo ya gama da motar wani.

Ɗan Kwari

Ni ɗan Honda ne. Accord ɗin nan da ake kira EOD nake hawa, ƙirar 2003, mai silinda huɗu, kuma da kuɗin Malam zai samu mai kyan gani har ya rage canji. Esinta a watan Afrilu sai ka nemi rage shi. Ƙafarta ce ke son kulawa, duk wanda ya riƙe ta ya sani. Da na ji ƙwas-ƙwas a gaba nake kai ta a duba bol join, kuma ba na yarda a sa min na jabu. Waɗanda kuke gani taya ta karye a kan shataletale, sun daɗe suna jin ƙarar suna ƙara sautin rediyo. Ban da V6 mai silinda shida dai, Malam. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu ita suke neman kai da ita, shi ya sa za ka ji ta da arha.

Malamin Sakandare, Rijiyar Zaki

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To tsakanin 'yar Beljiyam da ta hannu fa? Wani dillali yana ta kira na a kan wata, wai shigowarta ke nan daga Kwatano.

Abu Hanifa, Fagge

A nan ne zan sa baki, don na yi dillancin mota kafin in koma kasuwar Singa. Da kuɗinka ta hannu za ka nema, kuma mafi kyawunta ita ce wadda ka san mai ita: ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ko gidan da ake rabon gado. Irin waɗannan ba sa kaiwa bakin titi, a masallaci da wurin aiki ake jin labarinsu.

Maganar Kwatano ka bi a hankali. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, don haka ka nemi takardar kwastam, ka je ofishinsu a tabbatar maka an biya kuɗin fito kafin ka ba da ko sisi. Ƙanina ya sayi wata a hannun wani, takardu cif a ido, ashe na wata motar ne aka yi wa kwaskwarima. A hanyar Abuja aka tsayar da shi, abin da ya kashe kafin ta fito ya kusa sayen rabin wata.

Lambar shasi guda 17 ce, haruffa da lambobi. Ka karanta ta a kusurwar gilashin gaba, ka karanta ta jikin ƙofar direba, ka gwada da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a haɗa da hoton katin shaidar mai sayarwa, ka kuma yi canjin mallaka da wuri. La'ada a yanke ta tun kafin ciniki ya faɗa, in ba haka ba mutum biyar za su taso kowa ya ce shi ya nuna maka.

Maman Ilham, Tarauni

Kuma Malam kada ka zube kuɗin duka a kan saye. Watan farko sai ta ci nata: baƙin mai, batir, sabunta takardu, wataƙila taya. Ni tayoyin da na tarar a tawa zanensu raɗau, mai faci ne ya nuna min lamba huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ashe sun tsufa a ajiye, ga zafin Kano yana haura 40 a bazara. Duk huɗun na sauke.

Bakanike, Ƙofar Ruwa

Haka ne Hajiya, a duba har da safaya. Malam in ka ga wadda ta kwanta maka, ka turo min hoton injin da na allon gaba tukuna. In ta cancanci zuwa, mu je kafin ƙarfe 8, ban da Juma'a.